Mukhtari da na'urar da ba ta tashi da kanta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran ƙanena Mukhtari Abdulmalik a nan Illela, bayan zazzaɓin da dukanmu muka ɗauka na wucewa ne. An yi masa sutura bayan la'asar. Ni ce yayarsa Ruƙayyatu. Ni na goya shi, kuma ban taɓa kawo wa raina ni zan rubuta ta'aziyyarsa ba.

Mukhtari, garin nan ya san ka da gyaran kwamfuta. 'Yan kasuwar albasa sun san ka, makarantu sun san ka, har daga Sakkwato ake aiko mota a ɗauke ka. A zaman makoki wani dattijo daga Gidan Katta ya ba da labarin yadda wayarsa ta faɗa rijiyar lambu, da muryar marigayiyar matarsa a ciki, ka ture aikin gabanka ka yi ta fama har ka ciro masa muryar. Yana faɗa yana share ido da bakin rawani. Ban san labarin ba sai ranar, don ba ka iya ba da labarin kanka ba.

Nawa alherin ya fi na kowa. Lokacin da aka rufe iyaka, matan tsallake da ke zuwa ɗaukar karatu wurina daga Ƙonni suka daina zuwa. Maigidana ya riga ya rasu, 'ya'ya sun watse, wannan Sakkwato, wancan Abuja. Ɗakin karatun da ke cika da takalma a bakin ƙofa ya koma ni da tabarmi. Sai ga ka da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin hammata, ka ajiye ta a lungu, ka ce sunanta saba, ita za ta riƙe shafin intanet da za a riƙa ɗora karatuna. Na ce maka ni ban iya koyar da bango ba. Ka yi dariya ka ci gaba da jona wayoyinka. Ba a jima ba matan suka fara saurare ta wayoyinsu, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Ko da hanya ta yi sauƙi, da yawa sun zauna a kan shafin, domin ba kowace ke samun fita ba.

Sai dai na'urar tana da aibi guda. Batirin solar gidana ba ya kai safiya, kullum sai ta mutu. Idan rana ta hau kan faifan solar ɗin, kwamfutar takan kunna kanta, fitilarta ta kama, amma shafin ba ya buɗewa sai ka zo ka danna mata wasu haruffa. Saboda haka kowace safiya, da hantsi ya fara, zan ji babur ɗinka a ƙofar gida. Ka danna abinka, ka zauna ka sha kunu, ka ba ni labarin kasuwa, mu yi gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na sha yi maka tsiya. Na ce kai da ake ɗauka da mota zuwa birni, ta gida ta gagare ka? Amsarka ɗaya ce: "Yaya, wagga na'ura taurin kai gare ta, irin naki."

Washegarin rasuwarka rana ta hau, fitilar ta kama, shafin bai buɗe ba. Ban ma kula ba sai da aka share makoki, gida ya sake yin tsit. Sannan saƙon Jamilatu ya shigo, ɗaya daga cikin ɗalibaina na tsallake, mace mai jikoki da ta fara koyon hukuncin salla da furfura a kanta. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, "Malama, ko karatun ya ƙare ke nan?" Wallahi tambayar nan ta fi kukan makoki taɓa ni. Na zauna gaban na'urar ina kallon baƙin allo da fararen rubutu, ban san ko harafi ɗaya daga abin da kake dannawa ba. Na kashe na kunna, na sauya waya, na hure ƙura. Shiru.

Amininka Zakari, abokin sana'arka na Sakkwato, ya dawo gaisuwa, na roƙe shi ya duba. Bai daɗe ba ya gano ciwon. Ya ce kwamfutar tana tashi da sauri, na'urar netwok kuwa a nan bakin iyaka sai ta yi ta lalube kafin ta kama. Manhajar shafin takan farka ta nemi hanya, ta tarar babu, sai ta koma ta kwanta, ba ta sake gwadawa sai an tashe ta da hannu. Maganin kawai a umarce ta ta jira netwok ya zo kafin ta fara. Yana cikin bayani sai ya cire tabarau. Ya ce, "Yaya, wanga gyara Mukhtari ne ya koya mini shi. Rubutun layi guda ne."

Da yamma na je wurin matarka Na'ima a ɗakin takaba, na tambaye ta abin da ya hana ka gyarawa. Ta sunkuyar da kai ta ce ka taɓa gaya mata cewa in ka gyara, zan ce ka daina wahalar da kanka da zuwa kullum, ni ba majinyaciya ba ce. Ka san halina sarai, haka ɗin zan ce. Ashe ba na'urar kake zuwa tayarwa ba, Mukhtari. Zuwa kake ka ga ko yayarka ta kwana lafiya, ka ji ta yi magana da mutum kafin rana ta yi nisa.

Zakari ya tambaye ni ko ya gyara. Na so in ce ya bar ta yadda ka bar ta. Amma Jamilatu da 'yan uwanta suna jira, kuma don su ka ɗauko ta tun farko. Na ce ya gyara.

Yanzu rana na hawa, fitila ta kama, shafi ya buɗe, ba a jiran kowa. Matan sun dawo karatu, alhamdu lillahi. Ni ce har yau hannuna bai koyi dama kunun mutum ɗaya ba. Ina kewarka, ɗan uwana, kewa mai tsanani.

Ina miƙa ta'aziyya ga Na'ima, da 'ya'yanka Ammar da Safiyya, da Zakari, da duk wanda ka taɓa share wa hawaye. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane harafi da matan nan suka koya ya isa gare ka. Kamar yadda bai bar ni na wayi gari ni kaɗai ba, ya Allah kada Ka bar Mukhtari shi kaɗai a makwancinsa. Amin.