Jari Na Je Nema

Sana'ata awo ce. Shekara goma sha ɗaya ina bin kasuwannin ƙauye a kan babur, yau Fagam, gobe Maruta, jibi Basirka, ina sayen riɗi da wake kwano-kwano a hannun manoma. In na haɗa buhu biyu ko uku, in kai wa manyan 'yan kasuwa a Birnin Kudu. Ban yi arziki ba, amma ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya a gidana ba. A kasuwarmu ta Gwaram kuma ina da gurbina a gindin wata tsamiya, inda nake shimfiɗa buhu in baza kaya.

Wata ranar kasuwa na taso daga Basirka da buhu biyu a baya, tayar gaba ta faɗa rami, babur da kaya suka danne mini ƙafar dama. Dangi suka ce kada a kai ni asibiti, can yanke ƙafa suke yi, a kai ni wurin mai ɗori. Ni ma na yarda, ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar tamau, ya ce in yi haƙurin kwana arba'in. A kwana na tara ta yi baƙi ta fara wari. Abin da muka guje wa shi muka je muka tarar, aka yanke ta daga saman gwiwa. Jinya ta cinye babur, ta cinye jari, ta haɗa da tumakin matata guda biyu.

Da na fara dogara sanda, sai na zauna na yi tunani. Awo dai a zaune ake yinsa. Hannuna lafiya lau, idona kuma har gobe in na damƙi riɗi na san wanda aka cuɗa da yashi. Manoma sun san ba na danne kwano, in na zauna a gurbina da kansu za su kawo mini. Abin da nake bukata kuɗin buhu uku ne kawai, kafin kaka ta wuce kaya su yi tsada. Wani dattijo mai sayar da kanwa, maƙwabcina a kasuwa, shi ya riƙe mini wurin. Ya ce, "Zan tsare maka zuwa ƙarshen kaka. Bayan nan ba ni da bakin hana wani zama."

Da bazara wata ƙungiya ta zo rubuta sunayen naƙasassu, wai za a ba da tallafin sana'a. Na je. Wata mai riƙe da takardu ta ce in naɗe wandona a ɗauki hoton dungun. Raina ya ɓaci, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na naɗe. Suka ce za a kira ni. Damina guda wayata ba ta rabu da aljihuna ba, ko alwala zan yi sai na ajiye ta inda zan ji ƙararta. Har aka yanke gero babu wanda ya kira.

Na bi dangi da abokan sana'a. A nan na gano wani abu da ban taɓa lura da shi ba lokacin da nake da ƙafa biyu. In mai sanda ya yi sallama, ba a sauraren abin da ya zo da shi. Kafin in kai ga zancen jari, hannun mutum ya riga ya shiga aljihu, ko ya leƙa cikin gida ya ce a auno mini kwano biyu na gero. In na ce ba wannan ya kawo ni ba, sai a ce, "Haba Malam, ai ba a mayar da hannun kyauta baya." In dawo gida da gero da baƙin ciki.

Matata ce ta tuna mini da wani Alhaji a Birnin Kudu, wanda na shekara bakwai ina kai wa riɗi, bai taɓa buɗe buhuna ya duba ba. Ta ce, "Malam, shi ai ya san ko kai waye. Ka je masa ranar Juma'a, an ce ranar yana gida." Ta wanke mini babbar rigata ta goge. A cikin mota, tun daga Gwaram nake jera maganata: buhu uku, ni da awo, shi da jari, riba a raba yadda ya ga dama.

Ashe ranar Juma'a ce yake rabon sadaka. A jikin katangar gidan mutane ne zaune a jere, makafi da guragu da tsofaffi. Maigadi ya dubi sandata, ko fuskata bai kalla ba, ya nuna mini ƙarshen layi.

Na ce, "Ni wurin Alhaji na zo, maganar kasuwa ce."

Ya ce, "To, kowa ma wurinsa ya zo."

Na ƙi zama. Na koma gefe guda na tsaya a kan ƙafa ɗaya, rana tana dukana, sanda tana cin hamatata, tun saukowa daga masallaci har aka kusa kiran la'asar. Gara in faɗi da a ƙirga ni a layin nan.

Da Alhaji ya fito, ni ya fara gani, kuma ya gane ni. Ya yi salati, ya kama hannuna da hannu biyu, har idonsa ya kawo ruwa. Ba zan yi masa ƙarya ba, tausayinsa na gaskiya ne. Ya ce, "Mutumin Gwaram! Ashe abin da ya same ka ke nan? Allah ya sa kaffara ce." Ina cewa amin, na ji ya cusa mini kuɗi a aljihu.

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba sadaka na zo karɓa ba. Jari na zo nema. Buhu uku kawai, in koma awo."

Ya girgiza kai yana murmushi, irin wanda ake yi wa majinyacin da ya ce zai tashi ya tafi gona. Ya ce, "Kai da wahalar kasuwa kuma? Ai Allah ya hutar da kai. Ka riƙa zuwa duk Juma'a, in dai ina raye ba za ka rasa ba." Ya dafa kafaɗata ya wuce wurin masu jira.

Na so in zaro kuɗin in bi shi da su. Amma kuɗin motar da na zo da shi na zuwa ne kawai, kuma na baro gida babu ko ƙwayar gero. Ƙafata ɗayar nan kuma ta gaji. Wani tsoho makaho da ke ƙarshen layi ya ji motsin sandata, ya ja tabarmarsa ya ce, "Bawan Allah, zauna mana, nan da inuwa." Na zauna.

Kaka ta wuce. Mai kanwa ya aiko da ban haƙuri, wani ya baza kaya a gindin tsamiyar. Ni kuwa duk Juma'a ina shiga motar Birnin Kudu. Har yanzu a hanya nakan jera maganar buhu ukun nan tsaf, in ce yau sai ya saurare ni. In ya iso kaina ya miƙo hannu, abin da ke fita daga bakina shi ne, "Allah ya saka da alheri, Alhaji."