Tautau Ɗin Ilu Mai Zuma

Ilu mai zuma ne a wani ƙauye gabas da Maigatari. Babu kuka ko gawon da bai rataya wa amya ba a yankin. Shekara talatin da aurensu da Sabuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da ke cin ransa ke nan: ranar da aka binne shi, an binne sunansa.

Shekarar da Turawa suka zo kafa turakun iyaka, akwai wani cikinsu mai tara ƙwari a kwalabe, aikin da ko mahaukacin kasuwa ba zai yi ba. Ya ji labarin tautau mai gashi da ke zama a kogon itace, sai ya sa tafintansa, wani Bakano, ya kira mai zuman nan.

Tafinta ya ce, "Bature ya ce akwai dangin wannan a hayin teku, a littafi ana kiransu Abikulariya, daga kalmar ƙaramin tsuntsu, don an taɓa zana ɗaya yana cin tsuntsu. Naku bai gan shi a littafi ba. Wanda ya kamo, da sunansa za a kira shi har abada."

Ilu ya bar zumarsa ta wuce lokaci. Kwana tara yana leƙa koguna, ran na goma ya zura hannu a wata tsohuwar kuka, ya kamo shi da rai. Tautau ya cije shi. Da ƙyar ya kai shi sansanin Turawa a kwalba, ya dawo ya faɗi, zazzaɓi ya ɗauke masa hankali.

Da hantsin ranar tashin Turawa, tafinta ya tsaya a ƙofar gidan Ilu, 'yan ƙauye duk suna gona.

"Baiwar Allah, yaya sunan mijinki?"

Sabuwa ta sunkuyar da kai. Tun da aka kawo ta gidan bakinta bai taɓa furta sunan nan ba.

"Maigida," in ji ta.

"Sunansa na yanka nake tambaya!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Sau uku ya tambaya, dawaki na jira, ya yi tsaki ya juya.

Ilu ya farfaɗo da hannu a shanye, hawan itace ya ƙare. Sabuwa ta kasa gaya masa, ƙauye ya taya ta rufewa. Shekara goma sha huɗu, duk fataken da suka sauka sai ya tambaye su ko sun ji ana kiran wani tautau Ilu a ƙasar Turawa. Ita kuwa tana bayan danga tana ji, tana daka, tana kuka.