Lauyan da Ya Hana Ni Ƙona Buhunan Bismillah

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, ina bakin maɗaba'ata ina duba ɗaurin wani littafi, ƙaninka ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce Allah Ya karɓi abinSa. Na Allah muke dukkanmu, kuma babu makomar da ta rage mana sai gare Shi. Na zubar da hawaye, Lauya, ba zan ɓoye ba. Amma kafin la'asar na iske kaina ina murmushi ni kaɗai, domin duk ta inda na ɗauko tunaninka, abin godiya da abin dariya nake tararwa.

Shekara biyar da 'yan watanni ke nan da larura ta kai ni gare ka. Ƙanina, wanda yake kula mana da harkar haraji, ya rasu, ni kuwa tawada da zare kaɗai na sani. Wasiƙun ofishin haraji suna zuwa, ina jera su a kanta ina cewa sai gobe, har goben ta cika shekara huɗu. Sai suka yi mini ƙiyasi da ido. Suka ƙirga injuna biyar, alhali biyu sun daɗe da mutuwa, gizo-gizo ne kawai ke aiki a cikinsu. Suka ɗora tara a kai, suka ba ni kwana talatin, in biya ko a garƙame ƙofa. Magidanta bakwai ke ci daga wannan ƙofa. Ni kuma na haura saba'in, kuma babu abin da nake tsoro kamar a ɗauke ni da haƙƙi a wuyana.

Lauyoyi biyu na gani kafin kai. Na farko ya yanka kuɗin aikinsa tun bai buɗe wasiƙar ba. Na biyu ya sassauta murya ya ce yana da mutum a ciki, in na ɗan motsa hannu fayil ɗina zai ɓata. Na tambaye shi ko yana da mutum a wurin masu rubutu na dama da hagu. Na ɗauki sandata na fita. Surukina direba ne ya nuna mini matakalar ofishinka, a saman wani kantin magani, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Ka karanta wasiƙar har sau biyu, da tabarau ɗaya a hanci, wani a goshi.

Ka ce, "Baba Malam, zan fara da abin da ba za ka so ba. Bashin nan akwai na gaskiya a cikinsa, kuma za ka biya shi. Aikina in raba maka tsaba da ƙaiƙayi. Ina takardunka?"

Da wannan magana na zaɓe ka, domin wanda ya fara maka da ɗaci ba zai sayar maka da ƙarya ba. Na ce ba ni da littafin lissafi ko ɗaya. Ka ce in dawo Asabar mu yi shawara. Na ce Asabar ba za ta yiwu ba, ina da ƙona buhuna. Ka tambaya na mene ne. Na bayyana maka cewa tun da na buɗe maɗaba'a ban taɓa rubuta rasit ban fara da Bismillah ba, kuma ko wanda aka ba ni sai na rubuta a samansa kafin in ninke. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah kuwa ba a jefa ta a shara. Saboda haka nake tara su a buhu, har uwargida ta gaji da ɓeraye, na yi mata alkawarin ƙona su in binne tokar a wuri mai tsarki.

Ka miƙe zumbur har tabaran goshi ya faɗi. "Baba Malam! Kana zaune bisa rijiya kana kukan ƙishirwa? Wallahi duk wanda ya kai ashana kusa da buhunan nan, ni zan maka shi a kotu, ko da kai ne!"

Buhu tara ne. Kwana goma sha takwas kana zuwa gidana, ka rataye kwat a ƙusa, ka yi alwala kafin ka taɓa ko takarda ɗaya, ba tare da na ce maka ba. Ka mayar da igiyoyin shanyar uwargida ma'ajiyar shekaru, kowace shekara da igiyarta. Ta leƙo wata rana ta ce, "Lauya, ka bar mini ko guda ɗaya mana. Ko zannuwan ma ana bin su haraji?" Ka ce, "Hajiya, yi haƙuri, wannan shanyar ce za ta saya miki sababbi."

Akwai abin da ya wajaba in faɗa, ko da bai yi mini daɗi ba. A buhu na bakwai ka ci karo da rasit na wani babban aiki da na manta, wanda zai ƙara mini nauyi. Na dube shi, na dube ka, zuciya ta fara raɗa. Nan take ka gane. Ka ɗora shi a saman sauran, ka ce a hankali, "Da sunan Allah aka fara shi, Baba Malam." Shekara arba'in ina karantar da mutane amana, ran nan sa'an ɗan cikina ya yi mini bita.

Jami'ar harajin da ta karɓi takardun ta ce ba ta taɓa ganin fayil mai tsoron Allah irin wannan ba. Bashin ya sauka zuwa kusan rubu'i, aka yafe tarar, aka raba saura kashi-kashi har shekara biyar. Ƙofa ba ta rufu ko yini guda ba.

A watan jiya na biya kashi na ƙarshe. Kai da kanka ka kawo mini takardar shaida, ka rame, kana hutawa bayan kowane taku goma, ka ce mura ce. Ka miƙa mini ita da hannu biyu kana dariya, ka ce, "Shi ke nan, yanzu babu mai bin ka sai Hajiya." Na ɗauka kai za ka tsaya a sahun sallar jana'izata. Sai ga shi ni na shige gaba a taka, da wuyan da kai ka sauke wa kaya.

Ya Allah, Ka sauƙaƙa masa hisabi kamar yadda ya sauƙaƙa wa bayinKa. Ka ba shi littafinsa a hannun dama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da masu gaskiya a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, da maiɗakinsa, da 'ya'yansa uku, da ƙannensa. Ku yi haƙuri, kuma ku ɗaga kai, domin halal ya ciyar da ku. Gidaje takwas suna yi masa addu'a tare da ku. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu bayan nasa. Amin.