Farantin da Inna Kuku Ta Ture

Inna Kuku ta yi shekara talatin da ɗaya tana girki a kicin ɗin asibiti, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda zai ce ya ga haƙorinta a bakin aiki. Gajera ce mai kaurin dantse, da tabon ƙunar mai a bayan hannun dama. Tukwanenta uku ne kullum: ta masu hawan jini, ta masu ciwon suga, da ta sauran jama'a. Likita ke rubuto abin da za a sa da abin da za a hana, ita kuma ta yi ta fama da albasa da citta har ta fitar da ɗanɗano daga ɗan abin da aka bar mata. Ta iya girki, wannan ko maƙiyinta ya sani. Abin da ba ta iya ba shi ne ta ga an taɓa mata abinci bayan ya bar hannunta.

Dokarta ɗaya ce: a tukunya ake gama abinci, wanda ya ƙara gishiri a faranti mai girki ya zaga. Bayan an raba abincin rana sai ta bi ɗakunan marasa lafiya tana buɗe akwatunan gefen gado, tana ƙwace ƙullin gishiri da barkonon da 'yan dubiya suka ɓoyo a ƙasan kwando. Tana da hujja. Ta taɓa ganin mai ciwon ƙoda da ta yi sati uku tana lallaɓawa ya kumbura suntum a kwana biyu, saboda matarsa ta tausaya masa da gishiri. Daga ranar ta daina sauraron kowa a kan wannan magana.

A gida ma haka. Maigidanta direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, mutum mai sanyin hali da ake kira Direba ko bayan ya ajiye tuƙi. A shekarar farko ta aurensu ya taɓa miƙa hannu zai ɗauki barkono. Sai ta janye farantin daga gabansa ta kai wa maƙwabta. Bai sake ba, shekara arba'in.

Da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Ta rataye agogon, ta sa takardar a ƙasan katifa, ta zauna tana jin haushin kowa. 'Yarta Auta, wadda ke aiki a shagon sayar da waya kuma ta san abin da mutane ke son kallo, ita ta samo mata abin yi. A layin bayan tashar mota gidajen abincin mutanen Asiya sun yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Auta ta ce, "Inna, maimakon ki zauna kina yi wa Baba faɗa, zo mu je ki yi wa waɗancan. Ke ki ci, ni in ɗauka a waya."

Haka aka fara, kowace Asabar da rana. A gidan 'yan Sin ta kai cokali ɗaya na soyayyiyar shinkafa baki, ta ajiye, ta ce man ya ƙone tun shekaranjiya aka sake soya da shi. Aka fito da mai girkin, ya sunkuyar da kai. A gidan 'yan Indiya ta dubi kazar da ke iyo a man shanu ta ce a kira mata motar asibiti tun kafin ta ci. Amma gurasarsu mai zafi ta cinye ta tas, ta ce, "Ba laifi," wanda a bakinta ya fi kirari. Jama'a suka yi caa a kan bidiyon. Faɗan suke so, ba abincin ba, amma ita ta ɗauka iliminta ake girmamawa. Kuma a gaskiya sau da yawa tana kan daidai, abin da ya ƙara mata ƙarfin kai ke nan.

Gida na shida ƙaramin shago ne a ƙarshen layin, tebur takwas, abinci iri ɗaya tak: taliyar shinkafa a cikin romon ƙashin saniya. Mai shi wata tsohuwa ce daga can gabashin Asiya, siririya, gashinta fari ƙal, 'yan layin na ce mata Mai-Romo. Ranar da suka je sai da suka jira kafin su sami wurin zama. Mai-Romo da kanta ta kawo kwano yana tururi, sannan ta ajiye wani faranti a gefe: yankakken lemun tsami, ganyen na'a-na'a da ɗoɗɗoya, tsiron wake, jan barkono, da 'yar kwalba ta ruwan kifi mai gishiri.

Inna Kuku ta dubi farantin kamar an ajiye mata mushe. "Wannan fa?"

"Ki zuba yadda kike so," in ji Mai-Romo.

"Ni zan ƙarasa miki girkin? To me kike yi a kicin tun safe?"

Ta sa bayan hannu ta ture farantin har ƙarshen tebur. Ta kurɓi romon haka nan, sau ɗaya, sau biyu. Ta ji ƙashin ya dahu, ta ji wani ƙamshi a can ƙasa da ba ta san sunansa ba, amma gishirin bai ji ba, kuma ranta ya riga ya ɓaci. Ta juya ga wayar Auta ta ce, "Wannan ruwan ɗauraye tukunya ne. Ko masu hawan jinina ban taɓa yi musu wannan wulaƙanci ba. Mai girkin da ta kasa gama abincinta ta turo maka kayan haɗi, ragguwa ce, ta rufe shago ta huta." Mai-Romo na tsaye da tsumma a hannu, ta ji komai. Ta ɗauke farantin.

Wannan bidiyon ya fi duk sauran yawo. Magana zarar bunu ce. Masu wucewa suka riƙa leƙa shagon suna cewa, "Nan ne gidan ruwan ɗauraye," suna dariya. Kafin wata ya zagayo, mai neman wurin zama a shagon ya zama sai dai ya zaɓa.

Inna Kuku ba ta san wannan ba, kuma da ta sani ma cewa za ta yi gaskiya ce ta yi halinta. Abin da ta lura da shi kawai shi ne Direba ya canza. Ya daina yi mata sannu da aiki, yana cin abinci kamar mai shan magani. Wata Talata da dare ta dire masa faranti ta ce, "Malam, in wani abu na yi maka ka faɗa, na gaji da wannan kumbure-kumburen."

Ya ajiye cokali a hankali. "Ba ni kika yi wa ba. Matar nan mai romo kika yi wa."

"Ina ruwanka da ita?"

"Shekara biyu ke nan duk Talata a can nake cin abincin rana. Ranar da nake ce miki na je gaida tsofaffin abokan aiki."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Da ce mata ya yi yana da wata mata a waje, da ta san irin faɗan da za ta yi. "Abincina ne bai ishe ka ba?"

"Abincinki ba na biyunsa, kin sani. Amma shekara arba'in ina cin sa yadda kika ga dama. Ni mai son tsami ne, kin taɓa sani? A can kaɗai ake ba ni kwano a ce in yi yadda nake so." Ya share baki. "Ba ragwanci ba ne. Tun asuba take kan ƙashin nan, tana kwashe kumfa da ludayi. Da gangan take tsayawa, ta bar wa mai ci sauran. Haka ake cin sa a ƙasarsu. Ke kuma kika ci rabin abinci kika yanke hukunci a kan duka."

Ta yi masa faɗa har muryarta ta dushe. Ta tuna masa da mai ciwon ƙoda, ta ce masa maci amana, ta ce daga yau ya koma can da zama. Bai tanka ba, kuma rashin tankawar ya fi ƙona mata rai. Kwana uku tana banka ƙofofi. Ƙamshin nan da ta ji a ƙasan romon ya ƙi barin harshenta, domin mai girki ba ta iya yi wa harshenta ƙarya ko da ta yi wa duniya. Ta san ƙashin da aka yi wa aiki in ta ji shi. Ta sani tun a ranar, haushin farantin ne ya rufe mata ido.

Ranar Asabar ta kira Auta ta ce su koma. Auta ta ce, "Inna, ba mai kallon ban haƙuri. Mu je sabon gidan nan na masu ɗanyen kifi, can za ki sami abin faɗa." Inna Kuku ta kashe wayar. Ta yafa mayafi, ta ce wa Direba ya tashi ya raka ta, ba don tana son ganinsa ba.

Tebur takwas, ba kowa sai ƙudaje biyu a jikin gilashi. Mai-Romo ta gane ta tun daga ƙofa. Ta dubi Direba, ta dubi matar, ta haɗa lissafin da ba ta taɓa haɗawa ba, fuskarta ta ƙara tsukewa. Ta shiga ciki ta fito da kwano biyu ta dire. Ba faranti.

"Ina kayan haɗin?" in ji Inna Kuku.

"Babu. Na daina."

Inna Kuku ta kurɓa. Gishiri ne ya fara dukan harshenta, sai dunƙulen ɗanɗano na kanti, sai barkonon da aka dafa har ya yi ɗaci. Ƙamshin nan na ƙasa an binne shi da rai. Irin romon da za ka samu a kowace tasha ne. Ta ajiye cokalin da ƙarfi har romo ya fantsama.

"Wa ya ɓata wannan?"

"Ke," in ji Mai-Romo. "Kin ce ba gishiri, na sa gishiri. Kin ce in gama a tukunya, na gama. Yanzu kuma me?"

"Wa ya ce ki ji maganata?"

"Duk gari ya ji. Ni kaɗai zan ƙi ji?" Tsohuwar ta nuna kwanon. "Romon uwata ne. Na tsallako teku da shi a kaina, ban canza ko ƙwayar citta ba. Wata ɗaya da bakinki, na zuba masa abin da ko karena ba zan ba. Kuma duk da haka ba su dawo ba."

Inna Kuku ta buɗe baki, faɗa ya zo har maƙogwaro, ta rasa wanda za ta yi wa. Ta san wannan ciwon. Shekara talatin da ɗaya tana girki da takardar wani a manne a bango, tana cizon yatsa, tana cewa da za a bar ta da tukunyarta da an ga aiki. Yau ga shi ita ce ta rubuta wa wata takardar, ba tare da ta san ciwon ba balle maganin. Kunya ta kama ta, kuma ita kunya a jikinta haushi take zama.

Ta miƙe, ta wuce Mai-Romo ta faɗa kicin ɗin ba sallama. Babbar tukunya na tafasa a gaba. A can baya, a kan ƙaramar wuta, ga wata 'yar tukunya a rufe. Ta ɗaga murfin, ƙamshin ya bugi fuskarta.

"Wannan nawa ne," in ji Mai-Romo daga bayanta. "Ba na sayarwa ba ne."

"Zuba mana shi. Kuma ki kawo farantin."

Suka tsaya suna kallon juna, tsofaffin mata biyu a kicin da bai ishi mutum ɗaya juyawa ba. Can Mai-Romo ta durƙusa, ta jawo kwali daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Farantan ne a ciki, guda takwas, a jere. Ta zaro ɗaya kawai, ta ture sauran da ƙafa.

Da aka ajiye a tebur Inna Kuku ta ɗauki lemun tsami da hannun nan mai tabo, ta matsa kaɗan, ta ɗiga ruwan kifin, ta tsinka ganye biyu. Ta kurɓa. Romon ya buɗe kamar an ɗaga labule. Ta sake kurɓa.

"Ba laifi," ta ce da ƙyar. Sannan ta dubi Mai-Romo ta ƙara, "Na zalunce ki. Sauran farantan bakwai fa?"

"Ki kawo min waɗanda za su zauna a gabansu," in ji Mai-Romo, ta koma kicin.

Direba ya jawo farantin gabansa. Ya matse lemu ɗaya, ya matse na biyu, ya kai hannu ga na uku. Inna Kuku na kallo, jijiyar wuyanta ta miƙe. Ta sa cokalinta a kwanonsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Malam, wannan ai ya yi tsami da yawa."

"Nawa ne," in ji shi, ya ci gaba da sha.

Ta janye cokalinta. Ta zaro wayarta daga jaka, ta fara neman lambobin tsofaffin ma'aikatan asibiti ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ta yi shekara talatin tana yi wa tsawa, tana tunanin da wane baki za ta roƙe su su zo cin abincin rana.