Ƙafar Eldred ta Hagu

Yayana Eldred Pardy ya yi shekara arba'in da ɗaya yana kamun kifi a tekun Newfoundland, ban taɓa jin ya ce wayyo ba. A garinmu namiji ba ya kuka da sanyi. In ƙafa ta sandare a jirgi, sai a dawo gida a tsoma ta cikin bokitin ruwan ɗumi, a ƙara safa, a sha shayi. Haka muka ga babanmu yana yi.

Da aka gano yana da kansar hanji, aka fara ɗura masa magani ta jijiya duk bayan mako biyu. Asibitin tafiyar awa huɗu ce, ni nake tuƙa shi. Burinsa ɗaya: ya gama ya koma jirginsa kafin kaka. Nas ta yi masa bayani mai tsawo, shi kuwa biyu kawai ya riƙe: yatsu za su riƙa mutuwa, wannan ba komai, in zazzaɓi ya zo, a kira su.

Ranar wata Talata, bayan ɗuri na biyar, na kai masa miya na tarar da shi ƙafa cikin bokiti, a tsakiyar watan Yuli, lokacin zafi a wajenmu. Ta hagun ta yi fari fat kamar cikin kifi.

"Yaya, wannan ƙafar fa?"

"Ke dai Verna kin fiye tsegumi. Maganin ne. Na auna, ba zazzaɓi."

"Ai ɗaya ce kawai ta yi fari."

"To ɗayar ta fi ta jarumta, ina ruwanki?"

Na yi dariya. Har ruwan zafi na ƙara masa da hannuna, ni sakarya. Wannan abu yana cina har yau.

Sai ran Juma'a, da ya kasa motsa yatsun, ciwo ya sa shi cizon tawul, ya yarda muka tafi. Likita ta ce jini ne ya daskare ya toshe hanyar da ke kai jini ƙafar. Cutar kanta tana jawo haka, maganin ma yana iya ƙarawa. Irin wannan toshewar awoyi ake ƙirga mata, mu kuma mun kawo kwana uku. Na yi ta roƙonta kamar akwai wata dabara da ta ɓoye. Babu. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, aka dakatar da magani sai rauni ya warke, rauni kuwa ya ƙi.

Ranar da aka sallame shi ya ce in bi da shi ta bakin ruwa. Teku ta janye, jirginsa yana can ƙasa, sai an sauka ta tsanin ƙarfe ake isa gare shi. Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirga matakan.

"Goma sha ɗaya," ya ce. "Juya motar, Verna."