Daminar da Turminmu Ya Koma Gidan Su Habu

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a daminar da nake aji huɗu na firamare. An kwana ana ruwa, gero ya fara fidda kai, tsakar gidanmu a Dudunni duk taɓo. Ina tsugune bakin murhu ina gasa masara, Inna ta zuba dawa a turmi za ta yi surfe. Baffa Sanusi, ƙanen babanmu, soja ne, jiya-jiyan nan ya dawo hutu daga bakin daga, yana zaune kan tabarma da kofin koko a hannunshi. Inna ta ɗaga taɓarya ta sauke, dum! Wallahi kafin ta biyu ta sauka mutumin nan ya yi cilli da kofin, ya fizgo ni da hannu ɗaya kamar ɗan tsako, muka zube bayan rumbu. Ya danne mani kai cikin taɓo yana cewa, "Kwanta! Kwanta, kar ka ɗago!" Ni ko sai dariya, na ɗauka sabon wasa ne ya zo mana da shi. Sai da na ji numfashinshi a ƙeyata kamar na wanda ya yi tseren gari guda, sannan dariyar ta maƙale. Na leƙo ta gefen rumbu, ga Inna tsaye da taɓarya a sama, ta kasa saukewa, kaji duk sun watse.

Ku gane fa, kafin ranar nan Baffa shi ne gwarzon duk wani yaro a unguwarmu. Zuwanshi na farko bayan ya gama horo, ya sha kaki, guga kamar ta yanka hannu, takalmi kana ganin fuskarka a ciki. Har dambe muka yi da Habu, abokina na maƙwabta, a kan wa zai goge takalmin. Daga nan wasanmu ya koma soja zalla. Da mun dawo daga kai wa su Baba abinci gona, sai mu tsinci karan dawa mu ɗaure da igiyar rama, bindiga ta samu. Habu kullum sojan sama ne, ya kifa faifan uwarshi a ka, ya baje hannuwa yana zagaya bishiyar darbejiya yana gurnani. Ni sojan ƙasa nake, irin na Baffa, ba na canjawa. Sojan ruwa kuwa a wurinmu aikin damina ne, sai kududdufin bayan makaranta ya cika ake samun masu so, da ya ƙafe an kore su daga aiki. In muka dawo jiƙe sharkaf, Inna ta ɗauko muciya tana cewa, "Yau zan ga sojan da ya fi ƙarfin wannan."

To, bayan abin da ya faru bayan rumbu, ba wanda ya zauna ya yi mana bayani. Baffa ya tashi ya shige ɗaki bai kalli kowa ba. Kakarmu, wadda ta haife su shi da Baba, ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin, sannan ta ce a hankali, "A kai turmin can gidan su Habu." Shi ke nan aiki ya sauka a kaina. Kullum da safe kafin makaranta in kwantar da turmin nan in yi ta mirgina shi, ta zaure, ta lungu, ta cikin kwatami, har tsakar gidan su Habu, Inna na biye da ni da taɓarya da ƙwarya a ka. Da yamma kuma in mirgino shi gida, don Inna ta ce turmin aurenta ne, ba zai kwana gidan wani ba. Turmin kirya ne, nauyi ba a magana, ya taɓa hawa mani yatsa farcen ya fita. Makara kuwa na sha ta, bulala a bakin makaranta ta zama karin kumallona, kuma ban taɓa faɗa wa malam dalili ba, don an ja mana kunne, duk wanda ya tambaya mu ce Baffa na ciwon kai.

Ba turmi kaɗai ba, gidan gaba ɗaya ya koyi tafiya da sanɗa. An naɗe ƙyauren langa-langa da tsumma don kar iska ta buga shi. Murfin kwano in ya suɓuce maka, kai da kanka za ka daskare kana kallon ɗakin Baffa. Faskare ya koma bayan gari. Mu ma muka daina "tau-tau" a ƙofar gida, muka koma can bakin gonar gyaɗa, amma wasan ya daina daɗi, sai ka harbi mutum ka ji kamar ka yi laifi. Abin da ya fi ɗaure mani kai, da hutunshi ya ƙare Baffa ya sake saka kakin nan, ya goge takalminshi da kanshi, ya hau mashin zuwa Kankiya ya koma bakin daga. Bayan wasu shekaru ya dawo gaba ɗaya, kunne ɗaya ba ya ji, ya kama kiwon tumaki, magana sai ta kama dole.

Yanzu ga ni, na gama karatun aikin lafiya, sakamako ya fito satin da ya wuce, kuma ba ƙarya ya haɗu! Na cika sitatus da hotona, guruf ɗin ajinmu sai ihu, har caji ya ƙare ina amsa barka. Cikin murnar ne wani ya turo cewa an buɗe ɗaukar soja, kuma ana son irinmu. Gayu suka fara, wannan ya ce sama, wancan ya ce ruwa saboda farin kaya. Ni dai maganar gaskiya ina so, kuma ba don kaki ba. Gonarmu ta can gefen daji damina nawa ke nan ba mu taka ta ba saboda ɓarayin daji. Habu, sojan saman da, ya sai da shanun huɗar ubanshi ya tafi Legas yana acaɓa. In kowa ya ce ba ɗanshi ba, ɗan wa ke nan? Amma ni nan da nake rubuta saƙo kafin a ƙifta ido, sai ga babban yatsana ya tsaya cak a kan waya, wurin da fom ɗin neman shiga ya ce ka zaɓi ɗaya cikin ukun.

Na sami Baba, ya ce in je wurin uwata, ita ce da magana. Inna na tankaɗe lokacin da na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi gara ta yi. Ta ce ta ga abin da kaki ya dawo mata da shi gidan nan. Kwana biyu ba ta sake tada zancen ba, sai ga ta ta same ni da shawararta, har da ɗan murmushi, wai in dole ne in shiga na ruwa, tunda ita ba ta taɓa jin ɓarawon daji ya shiga teku ba. Na ji daɗi, na ce an samu mafita, na ruga wurin Baffa a garken tumakinshi don ya sa hannu. Ya juyo mani kunnen da ke ji, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Nura, na kwana rami ɗaya da sojan ruwa a inda ko rijiya babu. In ta ɓaci kowa ake turawa. Kar ka yaudari uwarka da farin kaya." Na ce to mi zan yi, Baffa? Ya ce ran da aka harbi na kusa da shi, mai ɗaure rauni ɗaya ne tak a cikinsu, shi ma yaro. Ya ci gaba da zuba wa tumaki harawa.

Na koma na faɗa wa Inna yadda muka yi, ban rage komai ba, na ce in ta yarda sojan ƙasa zan nema, ɓangaren lafiya, in ba ta yarda ba na haƙura har abada. Ta daɗe tana kakkaɓe rariya, alhali ba sauran gari a ciki. Sannan ta ce, "Je ka, Allah Ya tsare," ba ta ɗago ba. A gabanta na danna sojan ƙasa, na sanar a guruf, aka ɗauki sowa, ni kuwa na kife wayar a kan tabarma.

Da muna yara, in Baba ya tafi da mu kasuwar Kankiya motar sojoji ta gifta, sai mu bi ta da gudu muna sara masu, duk wanda aka ɗaga wa hannu ya sami abin alfahari na sati guda. Jiya wata ta wuce ni a hanyar Kusada, na tsaya gefe ina kallon fuskokinsu, kusan duk sa'annina ne, wani ma na latsa waya. Na so a ce har yanzu zan iya bin ta da gudu ina dariya. A wancan lokacin na yarinta ban san kowannensu ya baro uwa a gida ba.