Malalacin Fasinja

Direba ne na motar ɗaukar kaya, amma duk tasha ba mai kiransa sai da Komai-da-ruwanka. Dalili kuwa, mutumin nan ya tsani abu mai aiki ɗaya. Bayan kujerarsa akwai jakar ko-ta-kwana, kuma ba abin da ke shiga cikinta sai ya iya aiki uku. Wuƙarsa tana yanka, tana kwance noti, tana buɗe gwangwani. Tsohon mayafin matarsa shi ne igiya, shi ne matatar ruwa, shi ne matashin kai.

Sai ga autarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kawo masa karan ɗori irin na asibiti, mai laushi daga ciki.

"Me kuma yake yi?" in ji shi.

"Riƙe karaya, Baba."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Kai! Malalacin fasinja ke nan. Ga lema, ga sandar jak, wanne ne ba zai riƙe ƙashi ba?"

Don kada ran auta ya ɓaci ya jefa shi a jaka, ya yi shekaru yana yi masa gori.

Ranar da auta ta haihu, murna ta hana shi zama. Ya cika mota da kaya don su je barka, jakar ma ya cusa mata 'yan rigunan jariri, ya ciro malalacin ya ajiye a bakin ƙofa. Uwargida ta bi shi da kallo.

A tsakiyar daji taya ta yi faci. Uwargida ta sauko ta miƙe ƙafa, santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannun dama. Nan da nan wuyan hannun ya kumbura. Ba zafin ne ya sa ta kuka ba. "Da wane hannun zan ɗauki jikata?" take ta faɗi.

Gogan naku ya rikice. Ya gwada lema, ta yi tsawo. Ya ɗauko sandar jak, ta ce, "Malam, ni ba taya ba ce!" Ya koma lalube a jakarsa.

"Buɗe jakata," in ji ta.

Ga malalacin nan kwance a kan zannuwanta. Ya zauna wa hannun daram. Wuƙar ta yanka mayafin, aka ɗaure, sauran ya zama maratayi a wuya.

A asibiti aka ce ƙashin bai goce ba, zai warke sumul. Auta ta ga abin da ke hannun uwarta, ta dubi ubanta, ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta kwantar da jaririyar a cinyar kakarta, yatsun da suka leƙo daga ɗaurin suka shafa kan yarinyar.

Tun daga ranar, a kujerar gaba malalacin yake tafiya. In yaran tasha suka tsokane shi, sai Komai-da-ruwanka ya ce, "Ku bar shi ya huta. Aiki ɗaya ya iya, kuma ranar da aka kira shi ya amsa."